Yadda Aka Raba Tumatirina a Nguru

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, ina da lambu a bakin kogi a Gashuwa. Wata shekara aka yi shela cewa za a yi nunin amfanin gona a Nguru, har da gasar kayan lambu. Daga ranar ban sake samun zama ba. Na ware fangali guda na tumatir, na zuba takin awaki, na kafa wa kowane tushe sanda, ina jan jigo safe da yamma. Sharaɗin gasar shi ne a kawo guda shida masu kai ɗaya, ni kuwa na tanadi kwando guda don in zaɓa.

Ana gobe nuni na shimfiɗa ƙaiƙayi a kwando, na jera su, na rufe da ganye. Sannan na ƙulle bandar kifi daban, tsarabar gidan abokina da zan sauka. Na hau motar 'yan gyaɗa, kwando a cinya. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga shi sama, har wani dattijo ya tambaye ni ko jariri ne a ciki.

Abokina Babarbare ne. Ya tare ni a zaure da "Wushe, wushe!", wato sannunsu ta Barebari, ya karɓi kifi da kwando ya miƙa cikin gida. Na so in yi bayani, amma gaisuwarsu ba a katse ta, kuma kafin ta ƙare aka kira azahar. Daga masallaci muka zarce filin nuni. Na ga rumfuna, na ga teburin kayan lambu, har na zaɓi inda farantina zai zauna.

Muna dawowa aka fito da burabusko da miya ja wur. Loma ɗaya na kai, na gane ɗanɗanon lambuna.

Na ce, "Malam, ina kwandon nan?"

Ya leƙa ya tambaya. Daga bayan zana matarsa ta ce, "A yi wa baƙo godiya, Allah ya saka. Na yi miya, na kuma aika wa maƙwabta nasu."

Abokina ya dube ni, na dube shi. Da na faɗa masa gaskiyar magana, dariya ta kama shi har ya ƙware.

Ya ce, "Kai mutumin Gashuwa, wa ya taɓa shigo da kwando gidan mutane ya ce ba tsaraba ba ne?"

Biyu kacal suka rage a madafi. Na ce wa abokina ya tashi, gida gida za mu bi maƙwabta, mu fara daga na dama. Gidan farko sun cinye. Na biyu sun yanka sun shanya a rana. A na uku maigidan ya kira ƙaninsa ya zo ya ga masu bin sawun tsaraba. Ni dai ban kula ba, gaba nake yi abokina na bina yana ba da haƙuri.

Gida na huɗu na wata tsohuwa ne. Ta fito da tasa, ga guda huɗu a ciki, ko ƙwarzane babu. Ta ce kyansu ne ya hana ta sa musu wuƙa. Saura kaɗan in yi rawa a ƙofar gidan mutane.

Na ce, "Iya, ki taimake ni da su."

Ta ce, "Ɗana, kyauta ta riga ta zama tawa. Aro zan ba ka, kuma ƙafata ƙafarka."

Washegari muka isa fili mu uku. Na goge tumatir shidan, na jera a faranti. Alƙalan gasa suka zo, Bature da malamin gona, suka ɗaga, suka juya, suka wuce. Da aka zo kiran sakamako sai na ji lambun Gashuwa ne na biyu! Abokina ya jefa hularsa sama, tsohuwa ta rangaɗa guɗa har Baturen ya waiwayo. Aka miƙo mini sabuwar garma.

Ina cikin karɓar barka na hango tsohuwar tana kwashe guda huɗunta cikin tasa. Ta ce wa mutanen wurin, "Nawa ne suka ci, shi biyu kawai ya kawo."

Ban yi musu ba, don lissafinta daidai ne. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Amma na ɗauki darasi. Duk gidan da na sauka da kaya, sallama ce farko, sai in nuna da yatsa in ce wannan naku ne, wannan nawa ne. Bayan nan sai a yi gaisuwa, kome tsawonta.