Butar Baballe da Alkamar Ƙarshen Layi

Idan ka zauna a tashar Kura za ka ji wani yana rantsuwa cewa Baballe mai shayi yana da aljana a cikin butarsa, wai ita ce ke riƙe da makullin dam ɗin Tiga. Wai idan ya kife butar sai ruwa ya ƙafe tun daga Kadawa har Bunkure, idan ya hura wuta kuma ruwa ya taho a guje har da kifi. Wani direba ma ya ce da idonsa ya ga aljanar, fara ce tas, tana shan madarar gwangwani.

Ƙarya ce. Ni Maharazu nake faɗa, kuma babu wanda ya fi ni sanin Baballe, don taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Na leƙa butar nan ba sau ɗaya ba, babu komai a ciki sai baƙi da tsohon ganye. Aljanar da za ta yarda ta zauna da Baballe sai dai wadda danginta suka kora. Ruwan ne ya fara ɗaukewa, sannan ya kife butar. Masu ba da labari ne suka juya abin.

Baballe tun yana yaro ba ya shiri da fartanya. Idan mahaifinsa, Kawu Iliyasu, ya ce a tafi gona, nan take cikinsa zai fara ciwo, kuma ba ya warkewa sai an sauke tuwo. Da ya tasa sai ya gudu birni, ya maƙale wa wani mai shayi a Fagge yana wanke masa kofuna. Shekarun da aka haƙo kanal aka kawo mana ruwan noman rani, kowa na komawa gona, shi kuma ya dawo da tebur, da benci biyu, da buta mai girman ɗan maraƙi. Ya kafa a bakin gadar da hanyar garinmu ke tsallake kanal. Aka yi ta dariya, ana cewa wa zai bar koko ya sha ruwan zafi.

Ashe mu ne abin dariyar. Yadda Baballe ke ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin ɗaya kofin, wallahi wata rana na ga tsuntsu ya ratsa ta ƙarƙashi bai jiƙe ba. Kafin a ankara, teburinsa ya zama kasuwa. 'Yan ƙwadagon da ke zuwa daga Madobi da ƙauyukan kewaye nan suke sauka da sassafe, su ɗumama cikinsu, masu gonaki su zo su ɗebe su. Dillalan tumatir nan suke jiran motocin Kudu. In kana neman mai tsinkar tumatir ba sai ka aika gidan kowa ba, ka je teburin Baballe kawai. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, shayi ne ya tsara.

A teburin nan ne Elias, wani mutumin Filato mai gyaran injin feshi da babura, ya taɓa ba mu labarin Amurka. Ya ce da can Ingila ke mulkinsu, sai aka ɗora musu haraji a kan ganyen shayi. Mutanen suka fusata, suka hau jiragen ruwa suka kwashe ganyen suka zuba a teku, daga nan rigima ta yi ta girma har suka samu 'yancinsu. Ni dama na san labarin, don na yi firamare har aji huɗu kafin malamai su ga na fi ƙarfinsu. Baballe kuwa ya riƙe baki ya ce, "Kai, asarar ganye! Ko sukari sun zuba?" Mu duk muka ɗauka iyakar abin da ya fahimta ke nan.

Shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, wato tamanin da bakwai, kowa a yankinmu ya haukace da shuka alkama. A lokacin Kawu bai daɗe da rasuwa ba, ya bar wa Baballe gona guda a can ƙarshen layi, inda ɗan kanal ɗinmu ke ƙarewa. Dangi suka ce ya bayar da ita aro tunda shi ba manomi ba ne. Ya ƙi. Ya sayar da kekensa ya sayi iri da taki, ya ce sai ya nuna wa garin nan cewa gonar ubansa ba za ta mutu a hannunsa ba. Da safe shayi, da rana gona. Hannunsa ya yi kanta, ni kuma na samu abin tsokana na wata guda.

Alkamar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sai da ta yi ciki, tana shirin fitar da kai, lokacin da in ta rasa ruwa sai dai ka girbe ciyawa, sai ruwan ya daina isowa ƙarshen layi. Aka bi kanal aka duba. Mutanen farkon layi ne suka jera buhunan ƙasa suka tare shi, don tumatirinsu ya nuna suna so ya ƙara nauyi. Babbansu Baba Dattijo, wanda gonarsa ke bakin get ɗin da ake sako wa layinmu ruwa, mutum ne da idan ya ce a'a ko tsawa ba ta sa ya waiwaya. Aka je masa da girma da arziki, ya ce, "Ruwa dai ta gabana yake wucewa. In na ƙoshi zan sake muku." Aka kai kuka ofishin masu raba ruwa, aka ce mai kula da layinmu ya tafi kwas.

Ganyen alkamar Baballe ya fara naɗewa kamar tabarma, ƙasa ta tsattsage. Samarin ƙarshen layi suka taru da sanduna suka ce za su je su cire buhunan da ƙarfi. Ni ma ina cikinsu, daga baya-baya, don a samu mai kawo rahoto. Baballe ya tare mu a gada ya ce, "Ku mayar da sandunan nan. In aka fasa kan mutum ɗaya, alkamar za ta bushe muna caji ofis. Ku bar ni da su."

Washegari da sassafe mutane suka iso gada cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, suka tarar murhu babu wuta, butar a kife a kan tebur, Baballe yana zaune ya harɗe ƙafa yana sakace. Baba Dattijo, wanda shekara da shekaru bai taɓa fashin kofin safe ba, ya iso da ɗan bargonsa ya ce, "Kai Baballe, yau kuma lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ruwa ne babu."

"Wane irin babu ruwa? Ai da ruwan rijiya kake dafawa, ga ta can cike!"

"Haka ne, Baba. Amma butar nan da gonar ubana uwarsu ɗaya. In waccan ba ta sha ba, wannan ba ta sha."

Baba Dattijo ya yi tsaki ya ce shayi ba farilla ba ne. Nan da nan ya sa ɗan ƙanensa Isiyaku ya kafa nasa teburin a tsallaken gada. To amma Isiyaku ba shi da buta, sai ya ari tukunyar miyar matarsa. Shayin ya fito da ƙamshin daddawa, mai na yawo a sama. Wani ɗan ƙwadago ya kurɓa ya ce, "Malam, tuwon fa?" Elias ya ɗanɗana ya ce shi dai ya taɓa shan man birki bisa kuskure, amma wannan ya fi shi muni.

Abin da mutanen farkon layi ba su lissafa ba shi ne ɗan ƙwadago ba gona yake bi ba, wurin da zai ɗumama cikinsa yake bi. Da suka ga gadarmu babu hayaƙi, sai suka zarce bakin titin Garun Mallam inda akwai masu shayi, manoman can suka kwashe su. Direbobin Kudu ma suka daina tsayawa. Tumatirin Baba Dattijo, da ya ƙoshi da ruwan mutane, ya nuna jawur, ya fara fashewa a jikin uwarsa, babu mai tsinka. Ya fito da 'ya'yansa da jikokinsa, suka yi kwando biyu uku suka zube a inuwa.

Amma kada ka ɗauka Baballe na jin daɗi. Kullum da rana zai je ya tsuguna a gonarsa, ya murza ganye a hannu, sannan ya dawo gida. Matarsa Kubra ta ce ko tuwo ba ya iya gamawa. Iya, mahaifiyata, ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, za ka rasa gona ka rasa tebur." Ya ce, "Gwaggo, ki dai yi mini addu'a." Ni kaina na daina tsokanarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni, don na ga alkamar ta fara fari daga gefe.

Ran wata Alhamis da hantsi ina zaune a gada sai na ji ƙarar kanal ta sauya. Na leƙa, na ga ruwa ja, ɗauke da kara da kumfa, yana gangarawa layinmu. Can sama na hango Baba Dattijo da kansa, ya naɗe wando har gwiwa, yana jan buhu yana faɗa da Isiyaku. Na kwasa a guje ina ihu, amma Baballe ya riga ni. Ruwan na tafiya yana bin sa a gefe kamar mai rakiyar amarya, har ya shiga gonar. Ƙasa ta rinƙa shan ruwan tana ƙara. Ya tsaya a ciki da takalmansa, yana goge ido da hular kansa.

Sai da ya tabbatar kowane fangali ya sha, har na maƙwabtansa, sannan ya koma ya tayar da butar ya hura wuta da rana tsaka. Baba Dattijo ya iso jiƙe da laka ya zauna a benci, bai kalli kowa ba, ya ce, "Mai kauri. Kuma kada ka yi mini rowar madara." Baballe ya miƙa masa da hannu biyu. Ranar aka tsayar da magana a teburin: farkon layi su sha da safe, ƙarshen layi da yamma. Gefen da ya yi fari bai dawo ba, amma sauran alkamar ta miƙe, ta fitar da kai, Baballe ya cika buhunan da har dangi suka daina maganar aro.

Ranar sussuka na same shi a gada mutane cike, na ga ai dama ta samu. Na ce, "Jama'a, ku ga gwarzon da ya yi kuka a gaban alkama! Wallahi hawayensa kaɗai sun isa ban ruwa, da ya fara tun farko da ba a wahalar da Baba Dattijo ba."

Aka fashe da dariya. Baballe bai ko ɗago ba, ya ci gaba da tsiyayar shayinsa ya ce, "Ni don gonar ubana na yi kuka, kuma sau ɗaya. Kai kuwa lokacin da buta ke kife, kullum sai Kubra ta ji naka a bayan danga, kana roƙon ta ɗan dafa maka ko rabin kofi kada in sani. Tashi mini daga benci, manoma na tsaye."