Bututun Hayaƙin da Sule Ya Gina

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar aminina Sule magini, wanda mutanen unguwarmu ta Misfala ke kira Mu'allim Sulaiman. Tare muka taso daga Kano a ƙafa, muka ratso Sudan. Ɗansa Habu yana goye muka baro shi, da niyyar mu sauke farali mu koma. Ba mu koma ba. Ni na kama gasa burodi a nan Makka, shi ya kama aikin jan bulo.

Shi ya gina mini bututun hayaƙin gidan burodina, kuma wallahi sai da muka yi faɗa! Ni mafitar hayaƙi kawai nake so. Shi kuwa ya tsaya jera bulo masu launi, yana barin ƴan tagogi irin na katangar saman gidajen Makka, ya kuma ɗora masa zanko kamar soron Kano.

Na ce, "Haba Sule, wa zai ɗaga kai ya kalli hayaƙi?"

Ya ce, "Kai dai gasa burodinka. Wata rana Habu zai zo, ya ga ubansa bai yi zaman banza ba."

Da Sule zai leƙo yau, anya zai gane unguwar? Siminti ya shigo, ayyukansa sun bi rusau ɗaya bayan ɗaya, har ya rage bututuna kaɗai. Bara mai gidan da nake haya ya ce zai rushe shi ya tayar da bene. Na roƙe shi ya dakata alhazai su zo su tafi, don Habu ya aiko cewa yana hanya. Ya ce, "Ma'alesh ya Ammi, yi haƙuri baffa, magina ba sa jira."

Habu ya iso da gemunsa, sak mahaifinsa. Ya nemi kabari, na gaya masa a nan ba a rubuta suna. Sai na kai shi inda bututun yake a da, ina ba shi labarin bulo masu launin da ubansa ya jera. Abin da ya saura na Sule a garin nan shi ne baƙin shatin hayaƙi a bangon maƙwabci.

Habu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wane launi ya sa a can ƙololuwa?"

Na yi ta lalube a raina, shuɗi ne ko kore. Duk shekarun nan ina ƙarƙashinsa, fuskata a bakin wuta. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Na ce, "Ɗana, ban sani ba."