Sitiyarin Motar Baba

Sau uku ina kai mota garejin Malam Isa a Gummi kan sitiyari guda, sai jiya aikin ya ƙare.

Tsohuwar a-kori-kurar Babanmu ce, wadda ya yi shekaru yana jigilar shinkafa da ita zuwa Adabka. Tun da ciwo ya taɓa mishi ƙafar dama ba ya iya shiga mazaunin direba, sitiyarin ke tokare mishi gwiwa. Shi ne na sa a gyara yadda za a zare shi, in ya zauna a mayar.

Malam Isa yana ɗaure noti ya ce, "Alhaji zai koma tuƙi ke nan?"

Na ce, "Likita ya hana. Makullin ma yana hannun Inna."

"To, wahalar mi kake sha?"

"Wurinshi kawai yake son zama."

Da la'asar ni da Inna muka tallabi Baba muka zaunar, na mayar da sitiyarin. Ya riƙe da hannu biyu.

Bayana har yanzu ciwo yake, kuma gobe ma sai na ɗaga shi. Masu jinyar iyaye, ku yaya kuke fama?