Kwanon awon kakana

Shekarun baya, tun shafin nan bai kai ya kawo ba, lokacin da masu bibiyata ba su wuce 'yan ajinmu da wani abokina na Kabo ba, na yi wani abu da har yau in na tuna sai abinci ya fita a raina. Da yawanku kuna tambayata me ya sa tsofaffin da nake zanawa ba su da fuska, daga rawani ya rufe sai su ba da baya. Wasu har yabawa suke, wai salo ne. Wallahi ba salo ba ne. Bari yau in gaya muku.

Kun dai san ba wanda ya koya min zane. A wani shagon caji na bakin tasha a Gwarzo na fara ganin labaran zane na mutanen Japan, irin waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar allo. Daga ranar na zauce. Na buɗe shafi, na tsara wa kaina aiki kamar wani babban ma'aikaci: ran Litinin in ba da shawarar abin da za a karanta ko katun ɗin da za a kalla, ran Juma'a in saka shafi ɗaya na nawa labarin. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa nake zanawa da fensir, in bi da biro, in kai bakin taga in ɗauka da waya. Shawarwarin Litinin kuwa dogaye nake zubawa, har da gargaɗin kada a tsallake babi na uku. Mutum uku ke karantawa, a ciki har da ni.

Matsalata ɗaya ce, fuska. Na iya jiki, na iya doki, har babur na iya. Amma duk fuskar da na zana sai ta fito kamar dankalin Hausa. Sai na ci karo da wani bidiyo, mai zanen yana cewa ka fara da fuskar da ka fi sani a duniya. Ni kuwa ba fuskar da na sani kamar ta kakana, mahaifin mahaifiyata, da ke Getso.

Mai awo ne. Tun kafin a haifi mahaifiyata yake auna gero da dawa da wake a kasuwa, da kwano ɗaya da ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. In mutum biyu suka yi gardama a kan awo, kwanonsa ake zuwa a ara a raba musu. Bai yi boko ba, bai tara dukiya ba. Abin da ya mallaka ke nan: in ya ce kwano goma ne, to goma ne.

Ni kuma jikansa ne na fari, don haka wasa tsakaninmu ba dama. Ina ce masa ɗan tsoho mai ƙanƙamo, don goro ɗaya sai ya raba shi huɗu. Shi kuma yana ce min ɗan nema, ɓarawon mata, wai na zo ƙwace masa kakata. Ina shiga zaure zai fara:

"Ga ɗan neman nan ya zo. Ku ɓoye tuwo, ku ɓoye min matata."

"Wace matar? Ai ta gaya min ta gaji da mai giɓi."

"Giɓin nan da kake gani, da shi na auro ta. Kai da haƙoranka talatin wa ya kula ka?"

Da na ce zan zana shi, sai da ya sa aka ɗauko masa hular Juma'a. Ya zauna a kan buhu ya ƙame kamar mai ɗaukar hoton fasfo, yana cewa in yi masa gyara a hanci. Na zana giɓin, na zana billensa na kumatun hagu, da tabaraunsa da aka ɗaure da zare a kunne ɗaya. Wallahi ranar ce fuska ta fara fitowa a hannuna. Kakata na gani ta riƙe baki ta ce, "La ilaha! Shi ne sak."

A lokacin labarina yana neman mugu. Jarumar wata 'yar Fulani ce mai sandar tsafi, tana bin kasuwanni tana tona asirin macuta, amma ban samu macucin da zai ba da dariya ba. To ni a kaina, wa ya fi dacewa da tsokana in ba kakana ba? Na ɗora fuskarsa, na raɗa masa suna Baba Ƙanƙamo, na ba shi kwanon da ya lotsa gindinsa da guduma don ya riƙa tauye awo. Ina zanawa ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai.

Kuma kada ku ce ɓoye masa na yi. Na kai masa takardar har zaure, na karanta masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ja'iri! Ni ne ɓarawon awo? To ka saurari ramuwa. Ranar aurenka ni zan ba da labarin fitsarin kwancenka."

Ni wannan dariyar na ɗauka izini. Ban tsaya na yi tunanin cewa mutumin nan wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila ba. Da na ce zan sa a shafina, shi a ganinsa wani littafi ne da nake ajiyewa a ƙarƙashin katifa.

Mahaifiyata ce kaɗai ta ce wani abu. Ta leƙa wayar tana tankaɗe, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wasan jika a zaure yake ƙarewa." Na ce, "Inna, ai shi ma ya gani, dariya ya yi." Ta ce, "Ni dai na faɗa." Ta ci gaba da tankaɗenta. A raina na ce tsofaffi ba su san harkar ba.

Ran Juma'a na saka. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Ban taɓa ganin irin wannan ba, mutanen da ban sani ba suna turawa, suna dariya, suna neman ci gaba. Abokina na Kabo ya kira ni yana ihu wai mun fashe, mun yi suna. Can a ƙasa wani ya rubuta, "Kai, ai na san tsohon nan, a Getso yake awo." Kun san me na yi? Daɗi na ji. Na ce wato zanena ya kai a gane mutum. Har alamar dariya na mayar masa.

Na yi wata biyu ina jan labarin Baba Ƙanƙamo. Har shawarwarina na Litinin aka fara karantawa. A ciki ne wani ya yanke hoto ɗaya, inda tsohon ya ɗaga kwano yana murmushin mugunta, ya mai da shi sitika. Ba labari, ba sunana, fuskar kawai da kwanon. Duk guruf ɗin da aka yi maganar cuta sai a jefo ta. Abokina ya ce wannan ita ce ɗaukaka.

Wata ranar kasuwa mahaifiyata ta aike ni in kai wa kakana magani. Na same shi a rumfarsa, buhuna a buɗe. Kafin in ƙarasa wasu samari biyu a kan babur suka rage gudu, na baya ya ɗaga murya, "Baba Ƙanƙamo! A cika mana kwano!" Suka wuce suna dariya. Kakana bai ɗago ba. Yadda bai ɗago ɗin ba ne ya nuna min ba yau aka fara ba.

Na tsaya a bayan wata rumfa. Sai ga wani magidanci, ba yaro ba, mutumin da na sha gani yana sayen dawa a wajensa. Suka gaisa, gida, iyali, gajiya. Kakana ya ɗauki kwano zai fara awo, sai mutumin ya miƙa hannu yana 'yar dariya.

"Alhaji, bari dai in ga gindin nan. An ce sai an duba."

Da wasa ya faɗa, na yarda. Amma ya karɓa, ya kifa shi, ya shafa da tafin hannu, har ya ƙwanƙwasa. Masu awo na gefe suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kakana ya jira har ya gama. Ya karɓi kwanonsa ya auna masa, ya yi masa tozo, ya ƙara masa gyara. Mutumin na tafiya ya fara ɗaure bakin buhunansa. Ko azahar ba a kira ba.

Ban iya zuwa gabansa ba. Na ba maƙwabcin rumfarsa maganin, na hau mota na koma Gwarzo.

Bai sake zuwa kasuwa ba. Ya ce wa mutane gwiwa ce.

Ba abin da ban yi ba. Na goge shafukan labarin gaba ɗaya. Na rubuta doguwar ban haƙuri, na ce kakana ne, wasa ne, ba a taɓa kama shi da tauye ko ƙwaya ba. Na zauna na zana sabon babi inda aka gano sharri aka yi wa tsohon, kwanonsa lafiya lau. Shi ne zane mafi kyau da na taɓa yi a lokacin. Ba wanda ya tura. Wani ya rubuta, "Ka ɓata labarin, Baba Ƙanƙamo ya fi daɗi a mugu." Sitikar kuwa tana nan tana yawo, don ba a wajena take ba balle in goge.

Sai da na yi sati uku kafin na iya zuwa Getso. Na yi sallama a zaure, ina jiran ko zagi ne in ji. Yana zaune a kan buzu. Ya ɗago ya ce:

"Maraba, Malam. Sannu da zuwa. Ya mutanen Gwarzo? Ya karatu?"

Malam. Ni. Ya sa aka kawo min ruwa a kofin baƙi. Ya ɓare goro ya miƙo min guda cur, bai raba ba. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Ban yi fushi ba. Kai jikana ne. Ko a tsakiyar kasuwa ka cire min hula, ba mai cewa ka yi laifi, ni ma dariya zan yi. Amma wannan wasan naka ne kai kaɗai, Allah ne ya ba ka. Kai kuma ka ɗauka ka raba wa gari. Yanzu kowa jikana ne. To tsoho ɗaya ina zai iya da jikoki haka?"

Na ce zan bi rumfa-rumfa in yi bayani. Ya girgiza kai.

"Kwanon da aka kifa sau ɗaya an kifa shi. Ko an ga lafiyarsa, an dai duba."

Damina biyu ya yi a duniya bayan nan. Ina zuwa duk sati. Na gwada tsokanarsa, in ce ɗan tsoho, matata fa? Sai ya yi murmushi ya ce, "Tana ciki, Malam, shiga ku gaisa." Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa hana ni komai ba, kuma bai sake ce min ɗan nema ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma zaman zaure, yana kallon masu tafiya kasuwa suna wucewa. Likita ya ce hawan jini ne. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa ni ne ba. Ba ta kuma taɓa cewa ba ni ba ne.

Bayan sadakar bakwai kakata ta kira ni ɗaki. Ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. Kwanon ne. Ta ce tun yana kwance ya ce a ba ni. Na tambaye ta me ya ce daidai, kalma da kalma. Ta dube ni, sannan ta ce, "Cewa ya yi, ki ba ɗan neman nan."

Na daɗe ina riƙe da wannan maganar. Wani lokaci in ce yafiya ce. Wani lokaci in ce kakata ce ta ga halin da nake ciki ta gyara min ita. Ban sake tambayarta ba, don ina tsoron amsar.

Mutane sukan ce min ai ban yi da niyya ba, yaro ne ni a lokacin. Gaskiya ne, amma ba ta rage min komai. Na san wasan kaka, a cikinsa na tashi. Abin da ban sani ba shi ne yana da bango, kuma waya ba ta da shi. Har yau ina zane, har yau ina ba ku shawarar Litinin, don ban iya wani abu ba. Sai dai duk ran da kuka yaba min, nakan tuna da fuskar wa na sayi masu karatuna na farko.

Kwanon yana nan a kan teburina, a ciki nake zuba fensira. Watan jiya, a wani guruf na masu son katun, ana gardamar wani mai sayar da data, sai wani yaro daga wata jiha ya jefo sitikar. Ta dusashe saboda yawan turawa, amma giɓin yana nan, da zaren tabarau. Na rubuta masa cewa don Allah ya goge, kakana ne, ya rasu, kuma mutumin kirki ne. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya goge. Ko minti biyar ba a yi ba wani ya sake jefo ta.

Na ajiye wayar. Na zazzage fensiran, na ɗauki kwanon don in goge masa ƙura. Sai na tsinci hannuna ya kifa shi, yana shafa gindin.

Sumul yake. Ni ma da na fi kowa sani, sai da na duba.