Gefen Hoton da Baban Habiba Bai Wanke Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen unguwarmu ta Kilomita Biyar suka sani da Isa Foto. Ni Baban Habiba nake ce masa, har ya koma ga Allah bakina bai iya kiran sunansa ba. Na so in rubuta kirkinsa kawai in yi shiru, sai wani abu ya faru a gidana watan jiya da ya hana ni sakat, kuma asalinsa gwangwanin fim ne.

Wani ɗan kasuwa a Titin Koudoukou ne ya yi kuskure ya sayo shi, nannaɗe guda, dogo, ba huji ko ɗaya a gefensa. Kyamarorin lokacin kuwa haƙora gare su, sai sun kama huji suke jan fim. Duk mai hoton da ya duba sai ya mayar. Baban Habiba, da yake mutum ne da ba ya ganin abu a yashe ya wuce, ya rungumo shi ya kawo gida yana washe baki. Na ce masa gara da gwangwanin madara ya kawo.

Ashe ya san abin da yake yi. Ya zaro wata tsohuwar kyamara mai naɗewa da ya gada, irin wadda ake murɗa fim da hannu, ba ruwanta da huji. Ni tela ce, sai ya sa na ɗinka masa baƙar jaka mai hannu biyu. A cikinta yake auna fim da kamu, ya yanka da almakashina, ya liƙa shi a tsohuwar takardar fim, duk da lalube, idonsa a rufin ɗaki. Almakashin nan mun sha faɗa a kansa. Amma hotunan sun fito tas, har daga unguwar Miskine ake aiko masa a zo biki da suna. Na yi alfahari da shi sosai, ko da yake ban cika faɗa masa ba.

Mutum ɗaya ce kyamarar ba ta taɓa fuskanta ba: mahaifiyata, Inna. Ta ƙi hoto ƙi na har abada, tana cewa wanda ya halicce ta ya san kamanninta, ya isa. Shi kuwa da kunyar suruka, ko da wasa bai taɓa roƙonta ba. Da Inna ta rasu ba mu da hotonta, kuma in faɗi gaskiya, a 'yan shekarun nan fuskarta ta soma ɓace mini. Ina tuna muryarta da tarinta, amma in na rufe ido ba na ganinta. Wannan abu yana ci mini rai.

Watan jiya 'yarmu Habiba, wadda yanzu ita ma uwa ce, ta zo ta buɗe akwatin babanta. Ta ɗauko dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, inda fari yake baƙi, ta ɗaga shi a taga ta ɗauka da waya, wayar ta juya shi ya zama hoto sosai. Hoton ranar sunan ƙanenta ne, wanda ke rataye a ɗakina tun tuni. Sai ta ce, "Mama, regarde, duba nan, wannan ba Inna ba ce?"

Ita ce. A can gefe, ta leƙo daga ƙofar madafa, tana dariya har giɓinta ya fito. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Sai daga baya na gane yadda aka yi. Fim marar huji yana ɗaukar hoto har bakin gefe, inda huji zai kasance a sauran. Inna ta leƙo daidai lokacin da ya danna. Baban Habiba ba ya wanke hoto sai ya duba dodonsa da gilashi, saboda haka ya gan ta. Da ya zo fitar da shi a takarda sai ya rufe wannan gefen. Bai yanke shi ya jefar ba, bai kuma nuna wa kowa ba, har ni da muke kwana ɗaki ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ka fito Masallacin Koudoukou ranar Juma'a, kafin ka kai gida wani ya ɗauke ka ya watsa, ba sallama ba neman izini. Ina jin wayar za ta burge shi, don yana son dabara, zai ma kwance ta ya ga cikinta. Ɗaukar mutum ba da saninsa ba ne zai sa ya yi tsaki ya kau da kai.

Habiba ta ce za ta tura wa dangi na Garoua da na Kano, kowa ya ga kakarsa. Raina ya so, wallahi ya so. Na karɓi wayar na kalli Inna har na ƙoshi, goshinta, kunnenta, ɗaurin kallabinta da ya karkace. Sannan na ce, "Goge shi."

"Haba Mama, wa zai sani?"

"Babanki ma ba wanda zai sani."

Ta goge tana hawaye, muka mayar da dodon cikin akwati.

Kyamarar ta yi tsatsa, shagonsa na hoto ya zama na masu canjin kuɗi, hotunansa da yawa sun salwanta a shekarun rikicin da mutane suka watse. Abin da ya rage mini na mutumin nan shi ne ya riƙe amanar tsohuwar da ba ta ma san ta ba shi amana ba. Allah ya jiƙansu su biyun. Yanzu in na rufe ido ina ganin Inna, kuma dariya take yi.