Mujallar Yaya Bitrus da Aka Naɗe Kifi da Ita

Ƙarfe huɗu na yamma, ranar wata Laraba, yayana Bitrus ya cika a gidansa da ke Nasarawa, Birnin Kebbi. Mu uku ne a kansa: ni, da matarsa Saratu, da amininsa Malam Umaru, mai sana'ar bandar kifi a Argungu, wanda ya zo dubiya. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan.

Masu karatu da yawa ba su san shi ba. Mai bishara ne, kuma shi kaɗai yake fitar da wata 'yar mujallar Kirista da Hausa, duk wata. Ya sa mata suna Garka, wato lambu, don a cewarsa bangaskiya shukar rani ce, sai da ban-ruwa kullum.

Aikinsa yana da tsari, kuma ba ya tsallake mataki. Da fari ya rubuta da hannu. Sa'an nan ya zaunar da Saratu, wadda ba ta yi boko ba, ya karanta mata tana tsince shinkafa. In ta ɗaga kai ta ce, "Malam, me ke nan?" sai ya soke kalmar nan take, ko da daga bakin babban fasto ya ɗauko ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan haka ne zai buga a tafireta, ya gurza a injin hannu, ni kuma in ɗinke da zare. Motar kasuwa ke kai wa 'yan ikilisiyar Argungu rabonsu, a sauke a rumfar Malam Umaru. Musulmi ne, bai taɓa buɗe ta ba, bai kuma taɓa barin ta a ƙasa ba.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san abin da zai ce ba. Mujallun da ake jibgewa a ƙofar majami'a daga Legas suke zuwa, masu sheƙi, da Turanci. Matan zumunta sukan kalli hotuna, su yi fifita da su. Matasanmu kuwa kaset suke so. Na gaji da faɗa a taron dattawa, har an fara duban agogo in na miƙe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce wannan. Bara aka ce za a gyara ɗakin ajiyar majami'a. Kwamiti ya tarar da ɗaurin tsofaffin Garka, tun daga fitowar farko, ya sayar wa masu awon takarda. Ba wanda ya tambaye ni. Bayan mako biyu sai ga Malam Umaru a ƙofata, tsufa ya rankwafar da shi, da ɗan ƙunshi a hammata.

"Baban Ladi, mi kunka yi haka? Takardun Malam na ishe kasuwa ana naɗe kifi. Da sunan Allah ciki! Ku ba ku tsoro?"

Na karɓi ƙunshin na kwance. Ashe ya bi rumfa-rumfa ya karɓo abin da ya saura, shafuka warwatse, duk mai ya jiƙa su, tawada ta narke. Babu fitowa ɗaya cikakkiya.

Tafireta ta yi tsatsa. Injin an ba maƙera. Na zauna na auna abin da ya rage na Yaya, sai na ga bai wuce mutum biyu ba: tsohon da ya girmama takardarsa bai karanta ba, da tsohuwar da ta ji kowace kalma ba ta iya karantawa.

Saratu yanzu ba ta gani, ƙafa ma ta ƙi. Rai dangin goro ne. Watan jiya na karanta mata rabin shafi daga na Malam Umaru, labarin ɗan nan da ya bar gidan ubansa. Daidai inda uban ya hango shi daga nesa takardar ta yage. Ta ce, "Ci gaba mana." Na ce iyakarsa ke nan. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki zan ƙarasa mata, ta girgiza kai.

"Wannan na sani. Yadda shi ya faɗa nake so."

Don haka nake roƙonku, mutanen Birnin Kebbi da Argungu da duk inda jaridar nan take kaiwa a Jihar Sakkwato. Ku duba gindin akwati, ku duba ƙarƙashin katifa da cikin littafin waƙoƙin iyayenku. Wanda ya sami Garka, ko da guda ɗaya ce, ya ba fastonsa ya aiko Nasarawa. Aro nake nema. In na karanta mata zan mayar. Amma ku hanzarta.