Rigar da Ta Wanke

Ina zaune a bencin caji ofis kan akuyata da aka sace, sai ga wata mata a gaban teburin ɗan sanda, rungume da leda. Ba ta fi talatin ba. Hannayenta duk sun tsattsage, irin aikin da sabulu ke yi wa masu wankau.

"Ɗaga murya, baiwar Allah!" in ji ɗan sandan, ko rediyonsa bai rage ba. "Fyaɗe kika ce? Uban wa ya aike ki ɗakinsa?"

Kowa ya juyo, har ɓarawon da ke tsugune da ankwa. Ta ce wankinsa ta kai masa. Ta fito da rigar da ya yaga mata, a wanke, a goge, a ninke. Wataƙila uwarta ce ta koya mata ba a kai ƙazanta gaban hukuma.

Ya yi dariya. "Ai kin wanke shaidarki!"

Na ce, "Kai yaro, ba 'yar sanda mace a cikinku? Ba ɗaki mai ƙofa? Asibiti fa?"

"Iya, ji da akuyarki."

Ɗakin akwai, ina hangen sa, baburan da aka kama ne a ciki. Akuyata ma an tambaye ni launinta, ita kuwa ko wurin zama ba a ba ta ba.

Tana mayar da rigar cikin leda, tana shafe ninkin da tafin hannu. Gobe ma ta ƙofar gidan mutumin za ta bi da ƙullin wanki a ka. Ta rusuna ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ta fita.